Kuɗin Ruwa na Shekara: A Buɗe Littafin Hisabi Kafin a Miƙa Hannu

Duk shekara idan kaka ta yi, amfanin gona ya shiga rumbu, ma'aikatan hukuma kuma suka duƙufa a kan takardun kasafin kuɗin shekara mai kamawa, akwai wata mas'ala da ta cancanci a zauna a kanta cikin natsuwa a garuruwanmu na ƙasar Kontagora, amma galibi sai a tsallake ta, ko dai domin shugabanni suna tsoron bakin jama'a, ko kuwa domin jama'a sun riga sun yanke ƙauna daga ganin alherin duk wani kuɗi da aka karɓa daga hannunsu. Mas'alar kuwa ita ce: nawa ya kamata kowane gida ya biya a shekara domin ruwan famfo ko na rijiyar burtsatsen gari, wane ne ke da ikon yanka wannan kuɗi, kuma da wane mizani za a auna shi? Ra'ayina, wanda zan jero hujjojinsa gwargwadon iko, shi ne biyan kuɗin ruwa halal ne, bal ma wajibi ne a kan duk mai hali, amma bisa sharaɗin a yanka shi sau ɗaya a shekara, a bainar jama'a, a kan hisabin da kowa zai iya dubawa, sa'an nan a ɗaure shi da ruwan da ya zubo a zahiri, ta yadda idan famfo ya ƙafe, haƙƙin karɓa ma ya faɗi.

Ƙaramar Hukumar Mashegu ita ce misalin da ya fi kusa da zuciyata, kuma ita ce ta fi bayyana nauyin wannan al'amari. Faɗin ƙasarta ya haura murabba'in kilomita 9,000, watau ta ninka Jihar Legas fiye da sau biyu, alhali ƙidayar shekarar 2006 ta sami mutum 215,000 da 'yan kai ne kawai a cikinta, suna warwatse tsakanin Mashegu da Makera da Ibbi da Zugurma da Kaboji da Sahon Rami, da ƙauyuka da tungaye da rugage masu yawan gaske. Kogin Kwara yana yamma da ita, madatsar ruwa ta Kainji da aka kammala a 1968 tana maƙwabtaka da ita, har wanda ya dubi taswira zai yi zaton ƙishirwa ba ta san hanyar wannan ƙasa ba. Amma ruwan da ke kwance a kogi daban, ruwan da ke fitowa daga bakin famfo a tsakiyar unguwa daban, domin a tsakaninsu akwai injin da ke jawo shi, da tankin da ke tara shi, da bututun da ke kai shi, da alif da kulorin da ke tsarkake shi, da man gas ko farantan sola da ke juya injin, da albashin makaniki da na mai gadi. A ƙasar da gidaje suke nesa da juna kuwa, kowane tsawon bututu gidaje kaɗan yake shayarwa, saboda haka nauyin da ke faɗa wa kowane gida ya fi na babban birni, kuma kuskure kaɗan a cikin lissafi ya isa ya kashe aikin baki ɗaya.

Na san akwai 'yan uwa masu kyakkyawar niyya da ke ganin sayar da ruwa saɓo ne, suna kafa hujja da abin da ya tabbata a hadisi cewa mutane sun yi tarayya a cikin ruwa da ciyawa da wuta. Wannan magana gaskiya ce, amma malaman fiƙihu ba su tsaya a nan ba, sai da suka rarrabe hukuncin dalla-dalla. Ruwan manyan koguna na kowa ne, babu mai ikon hana wani ɗiba ko shayar da dabbarsa. Ruwan rijiyar da mutum ya haƙa, shi ya fi cancanta da shi, sai dai bai halatta ya hana mai ƙishirwa abin da ya ragu daga buƙatarsa ba. Ruwan da aka ɗebo da wahala aka zuba a tulu ko salka kuwa ya zama mallaki, ana sayar da shi ba tare da shubuha ba, kuma a kan wannan ne sana'ar 'yan garuwa ta tsayu tun kaka da kakanni, ba a taɓa jin malami ya haramta ta ba. Abin da hukuma ko kwamitin gari ke karɓa, ladan ɗebowa ne da tsarkakewa da kaiwa, watau ijara ce, ijara kuwa tana da sharuɗɗa sanannu: a san aikin da za a yi, a san ladansa, a san wa'adinsa, kada garari ya shiga tsakani. Wanda yake son ruwa ya zama sadaka tsantsa, to ƙofar waƙafi a buɗe take, kamar yadda Sayyidina Usman ɗan Affan ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa Musulmi. Sai dai a lura cewa ko a wannan ƙissar ma sai da wani ya fitar da dukiyarsa kafin ruwan ya zama kyauta ga saura.

Haka kuma, shari'ar da ta halatta ladan aiki ita ce ta yi tsanani a kan karɓar dukiyar mutane ba bisa haƙƙi ba. Mujaddadi Shehu Usman ɗan Fodiyo, wanda jikansa Umaru Nagwamatse ya kafa Kontagora a 1864, ya lissafa a cikin Kitabul Farƙ ire-iren kuɗaɗen da sarakunan zamaninsa ke ɗora wa talakawa ba da hujjar shari'a ba, irin su jangali da kuɗin gari, ya sanya su cikin alamomin mulkin zalunci. Ƙyamar da Bahaushe ke yi wa mai yawo da littafin rasit tana da tushe mai zurfi, shi ya sa lokacin da gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali a 1979, talakawa suka ɗauki abin tamkar 'yanci na biyu. Duk wanda zai yanka wa mutanen Mashegu kuɗin ruwa, lalle ne ya san cewa a kan wannan tarihi yake taka ƙafa, kuma abu ɗaya ne tak zai raba karɓarsa da harajin da aka ƙi: mai biya ya ga abin da ya saya, ya kuma san inda kowace naira ta tafi.

Tarihin ƙasar nan ya riga ya ba mu darasi a kan wannan, tun zamanin Turawa. A 1908, lokacin da gwamnatin mulkin mallaka ta ƙudura ɗora wa mazauna Legas kuɗin ruwa domin aikin famfon da ake shirin yi, jama'a suka yi ca, suna cewa ba a shawarce su ba, kuma Turawa ne za su fi cin moriyar aikin. Har ƙungiyar siyasa aka kafa a wannan shekara saboda rigimar, bayan an buɗe gidan ruwa na Iju a 1915 kuma tarzoma ta sake tashi a 1916. A ƙarshen shekarun 1930 irin wannan ta faru a Benin, a zamanin Oba Akenzua na biyu, inda gardamar kuɗin ruwa ta girgiza fada kanta. Mutanen waɗannan birane ba ruwa mai tsabta suka ƙi ba, abin da suka ƙi shi ne a yanke musu hukunci a bayan idonsu. A ɗaya ɓangaren kuma, En'e ta Kano a zamanin Sarki Abdullahi Bayero ta yi aikin ruwan Challawa da na lantarki a farkon shekarun 1930 da kuɗin baitulmalinta, kuma duk da cewa talaka ba shi da ta cewa a majalisar wancan zamani, akwai al'ada guda da ta cancanci a gada daga baitulmalin En'e: kowace shekara ana rubuta ƙiyasin abin da zai shigo da abin da zai fita, fanni-fanni, ma'aji kuma yana amsa tambaya a kan kowane sisi. Abin da muke nema yau shi ne wannan tsari na hisabi, a haɗa shi da shurar da aka tauye wa kakanninmu.

Wanda ke cewa a bar ruwa kyauta, ya kamata ya zagaya ƙauyukan Arewa ya ƙirga tankunan da ke tsaye a kan ƙarafa babu ɗigon ruwa a cikinsu, da famfunan tuƙa-tuƙa da suka zama wurin ɗaure awaki. Labarinsu kusan iri ɗaya ne a ko'ina: ɗan siyasa ko wata ƙungiyar agaji ta haƙa rijiya, aka yi biki aka yanka ƙyalle, aka ce wa jama'a kyauta ce, ba a tanadi ko kwabo don gyara ba, bayan shekara biyu ko uku wani ɗan ƙarfe ya ci, ko injin ya ƙone, aka yi ta jiran wanda ya haƙa ya dawo, shi kuwa ya riga ya wuce wani gari. Daga nan mata da yara su koma rafi da kududdufi, tare da abin da ke biyo baya na amai da gudawa da zazzaɓin taifod da tsargiya, masu ɗan hali kuma su koma sayen jarka daga kurar ɗan garuwa. Wannan hali na lalacewar ayyukan ruwa yana cikin abin da ya sa Gwamnatin Tarayya ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ruwa da tsafta a watan Nuwamba na 2018. Haƙiƙanin magana, ruwan da aka kira kyauta shi ne ya fi kowane ruwa tsada, kuma talaka ne ke biyan tsadar, da aljihunsa da lafiyar 'ya'yansa da lokacin karatun 'yan matansa.

To yaya za a yanka kuɗin bisa adalci? Asalin lissafin ba shi da wuya, duk malamin firamare zai iya rubuta shi a kan allo. Kashi uku ne ake tarawa. Na farko kuɗin tafiyarwa na yau da kullum, watau albashin mai kula da inji da mai gadi, da mai ko kuɗin wuta, da maganin tsarkake ruwa. Na biyu kuɗin gyara, irin su ɗinke bututun da ya fashe da canza kan famfo da wanke tanki da kai ruwan a gwada lafiyarsa. Na uku, wanda shi ne aka fi mantawa kuma shi ne ke kashe ayyuka, ajiyar da ake yi kowace shekara domin ranar da babban inji zai mutu, gama kowane inji yana da ajali, kuma wanda ya san ajalin injinsa shekara biyar ne, wajibi ne ya ajiye humusin kuɗinsa duk shekara. A ƙaddara, alal misali, wani gari mai gida 400 yana da rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, kashin farko ya ci naira 1,200,000 a shekara, na biyu 600,000, na uku 600,000. Jimla naira 2,400,000, wadda idan aka raba ta daidai, kowane gida zai ba da naira 6,000 a shekara, watau 500 a wata. Idan aka yafe wa gida 40 na marayu da zawarawa da gajiyayyu, sauran 360 za su biya kimanin naira 6,700. A ƙaddara kuma rijiyar ta mutu, gida ya koma sayen jarka huɗu a yini a kan naira 50 kowace, abin da zai kashe a shekara naira 73,000 ne, fiye da ninki goma. Alƙaluman kowane gari za su bambanta da waɗannan, amma hanyar lissafin ɗaya ce, kuma duk kuɗin da aka yanka ba ta wannan hanya ba, ko dai ya gaza riƙe aikin, ko kuwa wani yana cin rarar.

Dalilin da ya sa na dage a kan a riƙa sabunta wannan lissafi kowace shekara shi ne halin da naira take ciki. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, aka kuma saki darajar naira a watan da ya biyo baya, farashin kayan gyara da na mai ya yi tashin gwauron zabo, har Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disamba na 2024. A irin wannan zamani, kuɗin da aka yanka shekara uku da suka wuce ba zai sayi rabin abin da yake saye a da ba. Hukumomi da yawa suna barin farashi a daskare shekara da shekaru saboda tsoron zaɓe, aiki yana ruɓewa a hankali, sa'an nan rana ɗaya su wayi gari su ninka shi sau uku. Mun ga haka a fannin lantarki, a ranar 3 ga Afrilu, 2024, lokacin da hukumar NERC mai kula da lantarki ta ɗaga farashin wuta ga rukunin A, watau waɗanda aka yi wa alkawarin wuta ta awa 20 ko fiye a yini, daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 a kan kowane yunit, abin da ya sa ƙungiyoyin ƙwadago suka yi zanga-zanga a ofisoshin hukumar da na kamfanonin rarraba wuta a watan Mayu. Ƙari kaɗan da aka yi bayaninsa tun da wuri, magidanci yana iya shirya masa. Ƙari mai yawa da ya faɗo bagatatan kuwa, ko da hujjarsa gaskiya ce, fushi yake haifarwa. Kuma tun da yawancin mutanen Mashegu manoma ne, waɗanda kuɗinsu ke zuwa lokacin da aka kai masara da dawa da shinkafa da waken suya kasuwa, hikima ita ce a yi zaman yanka kuɗi da kaka, a bar manomi ya biya na shekara gaba ɗaya a lokacin da hannunsa ke da danshi, ma'aikaci da ɗan tireda kuma su biya wata-wata.

Akwai abu guda mai kyau a cikin tsarin rukunin lantarki da ya kamata a ara, ko da yake aiwatar da shi ya jawo ƙorafi mai yawa, shi ne ɗaure farashi da adadin awannin da aka samu. Hausawa sun riga sun yanke wannan hukunci tuntuni da suka ce kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Saboda haka takardar da ta ce gida zai biya kaza a shekara, ita ce kuma ya kamata ta ce ruwa zai zo kwana kaza a mako, daga ƙarfe kaza zuwa kaza, kuma idan inji ya lalace za a gyara shi cikin kwana kaza. In aka wuce wa'adin, a zare kuɗin kwanakin daga abin da ake bin mutane. Inda aka ja bututu zuwa cikin gidaje, mita ita ce mizanin adalci, domin kuɗin bai-ɗaya yana sa tsohuwa mai tulu biyu ta ɗauki nauyin mai wanke motoci, kuma yana koya wa mutane almubazzaranci, tun da wanda ya bar famfo yana zuba dare da rana ba ya jin zafinsa. Inda kuwa famfon unguwa ne kowa ke zuwa da bokitinsa, ana iya yin kuɗin gida-gida gwargwadon yawan iyali, ko kuɗin jarka a bakin famfo, muddin dai an rubuta farashin a jikin bango da manyan haruffa, da boko da ajami.

Sa'an nan kuma sai haƙƙin mai rauni, wanda duk tsarin da ya manta da shi ya rasa albarka. Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya tabbatar a ranar 28 ga Yuli, 2010 cewa samun ruwa mai tsabta haƙƙi ne na ɗan Adam, kuma ma'aunin da hukumomin Majalisar ke yawan ambata shi ne kada kuɗin ruwa ya wuce kashi 3 cikin ɗari na abin da gida ke samu. Ƙasashe sun bi hanyoyi daban-daban don cika wannan. Afirka ta Kudu, tun daga 2001, ta tsara ba wa gida lita 6,000 a wata ba tare da biya ba. Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar, a birane irin su Maraɗi da Damagaram, suna da farashi hawa-hawa, inda kason farko na ruwan da gida ya sha a wata yake da rahusa, abin da ya haura kuma farashinsa ya ƙaru. Wannan ya dace da ruhin shari'armu, wadda ta fifita ruwan sha a kan ruwan kasuwanci. A Mashegu ma haka ya kamata: mai buga bulo da mai gidan burodi da mai ƙulla ruwan leda da mai wankin mota su biya farashin kasuwa, domin riba suke nema da ruwan, a yi wa makiyaya ƙa'ida ta musamman bisa yawan garke, a wurin shayarwa da aka keɓe, da shawarar arɗo, domin kada bakin famfo ya zama mafarin husuma, masallatai da makarantun allo kuma a nemi masu hali su ɗauki nauyinsu a matsayin sadaka mai gudana. Ofisoshin gwamnati da gidajen manya kuwa su ne ya kamata su fara biya, gama babu abin da ke karya gwiwar talaka kamar ya ga an yanke masa famfo a kan bashin wata biyu, alhali babban gida yana sha shekara da shekaru ba a taɓa kai masa takarda ba.

Duk waɗannan ƙa'idoji ba za su yi amfani ba idan ba a tsare amanar kuɗin ba, kuma a nan ne ayyuka masu yawa suka hallaka. Wajibi ne kuɗin ruwa ya kasance a asusun banki na kansa, kada a gauraya shi da kuɗin kasuwa ko na tasha, kada kuma a ranta shi don biki ko tarbar baƙo, ko da da niyyar mayarwa. Kada a fitar da ko naira sai da sa hannun mutum uku, kada a karɓi ko naira sai da rasit mai lamba. Kwamitin da zai zauna ya ƙunshi wakilin hakimi ko dagaci, da limami, da fasto inda akwai Kirista, da kansila, da wakilin 'yan kasuwa, da arɗo, da matasa, da mata musamman, domin su ne suka san awa nawa ake ɓatawa a layin famfo, kuma Bahaushe da Bafulatani da Banufe da Bakambare kowa ya ga nasa a zaune. A ranar da aka sa, a karanta hisabin shekarar da ta wuce a ƙofar fada, da harshen da kowa ke ji: nawa aka tara, gida nawa suka biya, nawa aka kashe kuma a kan me, kwana nawa ruwa bai zo ba, nawa ya rage a ajiya. Bayan haka a gabatar da ƙiyasin shekara mai zuwa, a ba jama'a mako biyu ko uku su kawo ƙorafi, kana a tabbatar da farashi, a liƙa shi a masallaci da kasuwa da asibiti. Tsarin mulkin 1999, a jadawalinsa na huɗu, ya ba ƙananan hukumomi ikon karɓar wasu kuɗaɗe da kula da kasuwanni da tashoshi da tsaftar gari, Kotun Ƙoli kuma ta yanke hukunci a ranar 11 ga Yuli, 2024 cewa a riƙa ba su kasonsu kai tsaye. Ko da yake aiwatar da hukuncin yana tafiyar hawainiya, ƙaramar hukumar da ke neman a amince mata da manyan kuɗi ya kamata ta fara nuna amanarta a kan ƙanana.

Ba na jahiltar hujjar da ta fi kowace nauyi a kan abin da nake kira gare shi. Mai faɗa zai ce, mutanen da 'yan bindiga suka hana noma, suka kore musu dabbobi, suka raba wasu da gidajensu, yaya za a zo musu da wata takardar biya? Zai ƙara da cewa jiharmu da ta ba ƙasa madatsun Kainji da Shiroro da Zungeru, wadda ruwanta ya cinye tsohon garin Bussa aka tashi mutum fiye da dubu arba'in domin sauran Nijeriya ta sami haske, ta riga ta biya nata kason. Wannan magana tana da gaskiya, kuma amsarta ita ce a raba nauyi gida biyu. Haƙa rijiya da gina tanki da shimfiɗa bututu da sayen farantan sola, waɗannan jari ne da ya rataya a wuyan gwamnatin jiha da ƙaramar hukuma da hukumar HYPPADEC, wadda aka kafa musamman domin raya yankunan da madatsun lantarki suka shafa. Bai halatta a ɗora wa talaka ko kwabo daga cikinsu ba, kuma haƙƙinmu ne mu neme su da babbar murya. Amma riƙon aikin bayan an gama shi, wannan namu ne, domin gyaran da sai an jira takarda ta je Minna ta dawo, kafin ya iso rani ya wuce. Garin da masifa ta faɗa wa kuwa, a ɗage masa biya na wannan shekara, ƙaramar hukuma ta cike giɓin daga kasonta a rubuce, yadda ajiyar inji ba za ta taɓu ba.

Saboda haka ina kira ga shugaban Ƙaramar Hukumar Mashegu da kansilolinsa da su kafa ƙa'ida rubutacciya ta yanka kuɗin ruwa, su tsayar da rana guda a cikin kaka domin karanta hisabi a kowane gari mai tanki. Ina roƙon iyayenmu hakimai da dagatai, ƙarƙashin inuwar Mai Martaba Sarkin Sudan na Kontagora, da su ba da ƙofar fadarsu domin wannan zama, su kuma zama na farko da za a ga rasit a hannunsu. Ina roƙon malamanmu da su bayyana wa jama'a a kan mumbari cewa cin kuɗin ruwa ha'inci ne, ƙin biyansa ga mai hali kuma tauye haƙƙin maƙwabci ne. Kai kuma ɗan uwana magidanci, idan aka zo maka da maganar kuɗin ruwa, kada ka kori mai karɓa, kada kuma ka miƙa hannu a makance: ka nemi a nuna maka lissafi, ka halarci zama, ka faɗi ra'ayinka, idan hisabi ya fito daidai ka biya a kan kari, ka karɓi rasit ɗinka ka adana. Allah Ya ba shugabanninmu ikon riƙon amana, Ya ba mu ikon sauke namu nauyin, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.